Dariyar Tsofaffin Sojan Jirgin Sama

Yau ba zancen taki ko na kuɗin ƙungiya na kawo muku ba. Wata tambaya ce ta dame ni kwana da kwanaki, na ce bari in aje ta gabanku mu duba ta tare. Ga ta: ya dace mutum ya yi dariya bisa abin da ya kusa kashe shi? In kuma ya dace gare shi, ya dace ga wanda bai je wurin ba?

Bari in gaya muku inda na tsinci tambayar.

A unguwarmu, nan Damagaram, akwai wani babban icen bedi bakin hanya. Bayan la'asar tsofaffi uku sukan shimfiɗa tabarma ƙarƙashinsa, su ɗora shayi. Dukansu tsofaffin soji ne, sojan sama. Amma ba su taɓa jefa bam ba. Jiragen ɗaukar kaya suka yi wa aiki, masu kai soji da cimaka da magani da wasiƙu zuwa Agadas, Dirku, Gigimi da sauran wuraren da mota ke shan wuya kafin ta kai. Babbansu muna ce mishi Baba Ajidan. Bazabarme ne, aure ya zaunar da shi nan bayan ya aje aiki. Shi ne mai lodin kaya da ɗaure su cikin jirgi. Na biyu Baba Sarjan, Bagobiri, makanike. Na uku Babarbare ne. Shi ke riƙe da rediyon jirgi a zamaninsu, don haka ake ce mishi Mai Waya. In na taso daga ajin karatun manya nakan tsaya wurinsu. Ni ke wanke musu kofunan shayi, su kuma su biya ni da labari.

Ya kamata ku fara sanin irin jiragen. Nijar ta kafa rundunarta ta sama a 1961, shekara guda bayan samun mulkin kai. Jiragen farko tsofaffi ne. Akwai Dakota mai inji biyu, irin wanda ya yi yaƙin duniya na biyu. Daga baya aka samo Noratlas daga Jamus, ko da yake ƙirar Faransa ne. Shi wannan wutsiya biyu gare shi, cikinsa kamar rumbu, ta baya ake buɗe shi. A 1979 manya guda biyu suka iso, ƙirar Amurka, ana ce musu Hercules C-130. Inji huɗu gare shi, kowane da farfelarsa. Yana ɗaukar soja 92, ko kaya wajen ton 19. In kun ƙidaya da buhu mai kilo 100, buhu 190 ke nan a tashi guda. Kuma ba dole sai kwalta ba, yana sauka bisa tsandauri in dai an share shi. Tafiyar da ayarin gishiri ke yi cikin makonni daga Agadas zuwa Kawar, shi ba ya cika awa biyu a kanta.

Mutum zai zaci waɗanda suka yi irin wannan aiki labarin jaruntaka za su riƙa bayarwa. Ko kaɗan. Tun da nake zama da su ban taɓa jin ɗayansu ya ce «ni na ceci jirgi» ba. Abin dariya suke tonowa.

Akwai labarin rago. Ana jibi Layya, jirgi zai taso daga arewa zuwa Yamai, wani babba ya sa aka shigar da ragonsa. Baba Ajidan, lokacin yana sabon shiga, ya ɗaure shi da igiya guda, ɗaurin ganin dama. Jirgi na cirawa sama, rago ya ji ƙasa ta ɓace mishi, ya fizge. Ya bi ta bisa buhuna, ya tunkuyi wani kafaran, ya nufi wurin matuƙa. Matuƙi ya waiwayo ya ga ƙaho bakin ƙofa, ya ce: «Wane ne wannan sabon kumandan? Galonsa ya fi nawa girma. Ku ba shi kujera.» Ajidan kuwa yana rataye da ƙafar rago ta baya, yana ba shi haƙuri da Zabarmanci. In an kawo nan sai Sarjan ya tsoma baki. Ya ce dalilin da ya sa ragon bai saurara ba ke nan: Bagobiri ne, ba ya karɓar oda daga Bazabarme.

Ranar da na fara jin wannan na yi dariya har da hawaye. Sai daga baya na gane abin da ke ƙarƙashinsa. Jirgi kamar jaki ne da mangala. In kaya ya rinjaya gefe guda, jaki ya karkace, sai a tsaida shi a gyara. Shi jirgi ba shi da wurin tsayawa. In kaya mai nauyi ya gangara baya lokacin tashi, hancin jirgi sai ya ɗaga fiye da kima, matuƙi ya kasa maido shi, shi ke nan. Rago guda ba ya kada jirgi. Amma hannun da ya yi wa rago sakon ɗauri, shi ne gobe zai yi wa ganga ko mota. Baba Ajidan ya ce tun daga ranar bai sake ɗaure komi sau guda ba, har akuyar gidansa. Kuma duk yaron da ya koya wa aiki, da labarin ragon ya fara mishi. Ni na yi makarantar horon malamai, an koya mini dabarun da ke sa darasi ya zauna a kai. Ban ga wadda ta kai wannan ba.

Akwai na mai. Injin Noratlas yakan yi ɗigon baƙin mai. Wani farar hula da aka rage wa hanya ya leƙa taga, ya ga mai na bin jikin inji. Ya girgiza Sarjan ya ce: «Mai na zuba!» Sarjan ya buɗe ido guda ya ce: «In yana zuba, akwai shi ke nan. Sa'ad da ka ga ya daina, ka tashe ni.»

Wanda na fi so shi ne na Mai Waya. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe ƙasa. Sun zo sauka, ba a ganin fili. Suka kewaya sau ɗaya, sau biyu, sau uku, mai kuwa yana raguwa. Ya ce ya karanta duk addu'ar da ya sani, ta ƙare, jirgi bai sauka ba. Sai ya shiga ƙidayar bashin da ake bin sa, yana alkawali da ƙarfi: mahauci dala ɗari biyu, zan biya, tela jika guda, zan biya, kuɗin surukata da na ci, zan biya. Da tayoyi suka taɓa ƙasa, Ajidan ya dafa shi ya ce: «To, sai biya.» Shi kuwa ya ce: «Wane biya? Alkawalin sama ne. Ku kawo shaidu daga can.» Mahauci dai ya samu nasa, in ji shi. Zancen suruka ba a so a tada shi.

Ku duba da kyau, jama'a. Me mutumin nan ya faɗa mana? Ya faɗa mana ya ji tsoro, tsoro irin na wanda ya hango kabarinsa. A ƙasarmu namiji ba ya faɗin haka, balle soja. In ya zauna gaban mutane ya ce «na ji tsoro», kunya za ta kama shi, ta kama masu saurare. Amma da ya naɗe maganar cikin raha, ga ta ta fito lafiya, kowa ya ji, ba wanda ya sunkuyar da kai. Kamar yadda uwa ke ɓoye magani mai ɗaci cikin fura ne. Shekara arba'in mutum yana ɗauke da irin wannan dare cikin cikinsa, dole ya samu ƙofar da zai riƙa fitar da shi kaɗan kaɗan. Saboda haka rabin farko na tambayata bai ba ni wuya ba. I, ya dace.

Wani maƙwabcina, mutum mai tsantseni, bai yarda ba. Ya ce mini abu biyu. Na ɗaya, mutuwa ba abin wasa ba ce. Na biyu, tsofaffin nan suna ƙari. Ragon da bara ya tunkuyi kafaran guda, bana ya tunkuyi uku. Ƙari kuwa ƙanen ƙarya ne, ko cikin wasa.

Zancen ƙari gaskiyarsa ne, rago yana girma kowace shekara. Ba zan ce hakan daidai ne ba. Amma na lura da inda ƙarin ke tafiya. Maƙaryaci kansa yake ƙara wa tsawo, don a ba shi abin da bai cancanta ba. Su waɗannan kansu suke ragewa. Cikin kowane labari, mai ba da shi ne wawa, shi ne matsoraci, shi ne wanda rago ya ja a ƙasa. Kuma ba wanda ake ruɗi, don sauran biyun suna zaune, sun san girman ragon na gaskiya. In ƙarin ya wuce gona da iri, nan take suke kwance wa mai shi zani a kasuwa.

Zancen mutuwa kuwa, su ma sun san iyakarsu, ba sai an gaya musu ba. Ran 16 ga watan Afrilu 1997, ɗaya daga cikin Hercules biyun nan ya faɗi kusa da Yamai, yana shirin sauka. Mutum 14 ke ciki, ba wanda ya fita. Wata rana wani saurayi ya tsaya shan shayi, ya ji ana dariya, ya ce: «Baba, ku ba mu labarin wanda ya faɗi.» Wuri ya yi tsit. Sarjan ya tashi ya ce zai duba akuyarsa, alhali ba shi da akuya. Mai Waya ya ɗaga hannu ya yi wa mamatan addu'a, muka shafa. Ranar ba a sake labari ba. Ashe ba mutuwa suke wa dariya ba. Tsallakewar da suka yi suke wa, su da suka tsallake.

Yanzu ga rabin tambayar na biyu, inda ni kaina na faɗi.

Tsofaffinku sun san yunwar 1973 da 1974. Ruwa ya ƙi, dabbobi suka mutu, mutanen arewa suka watsu cikin garuruwa, har aka yi babban sansani a Lazare, bakin Yamai. Cimakar taimako tana isowa ta bakin teku, ta Kwatano da Legas, amma hanya ta yi nisa, motoci sun yi kaɗan. Don haka aka sa jirage, har da na ƙasashen waje irin su Beljik da Jamus da Kanada. Cikin abin da aka raba akwai jar dawa mai yawa daga Amurka.

Baba Ajidan yana da labari guda na wannan lokaci. Ya ce sun sauka wani fili can bayan Agadas, sun buɗe bayan Noratlas, suna fitar da buhuna. Wani tsohon Buzu ya matso, ya kewaya jirgin, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ce: «Wannan kazar taku, me kuke ba ta take yin ƙwai haka? Ku bar mana ita ta kwana guda, muna da namijin jimina.» Kowane lokaci aka ba da shi, sai an yi dariya.

Ranar wata Talata ina koyarwa a wani ƙauye kusa da gari. Darasinmu baƙin «ƙ» ne, kalmarmu kuwa «ƙwai». Na ce ga dama ta samu, bari in sa aji raha. Na ba su labarin kazar Buzu, har ina kwaikwayon muryarsa. Ban tsaya nan ba. Na ƙara da nawa, na ce: «Kun ga aikin jahilci! Mutum bai san bambancin jirgi da tsuntsu ba. Shi ya sa muke karatu.» Samari suka yi dariya. Sai wata dattijuwa da ke zama baya ta rufe littafinta. Ta ce: «Malam, kana nan shekarar?» Na ce: «A'a, Inna, ba a haife ni ba.» Ta ce: «Ni ina nan. Shekarata tara. Mu ma mun jira jirgi, kwana uku bakin fili, ina goye da ƙanena. Ran da jirgin ya zo...» Ba ta ƙarasa ba. Ta ɗauki allonta ta fita. Ranar Alhamis ba ta zo ba.

Da maraice na tafi gindin bedi, na kwashe duka na faɗa wa Baba Ajidan. Ya daɗe yana juya shayi daga kofi zuwa buta, bai ce komi ba. Can ya ce: «Ɗana, wa ya gaya maka tsohon nan jahili ne?»

Sannan ya ba ni sauran labarin, wanda ban taɓa ji ba. Ya ce: «Mutumin nan madugu ne. Ya san Bilma, ya san Kano, ya ga jirgi tun ba a haife ni ba. An ce mini raƙumansa sun fi ɗari. Ran da na gan shi, akushi guda ya rage mishi. Ni kuwa shekarata ashirin da biyu. Ban taɓa ganin mutane cikin irin wannan hali ba. Hannuna rawa yake yi. Na kasa duban fuskar kowa, sai na shiga yi musu tsawa, ku yi layi, ku ja baya, kamar su suka yi mini laifi. Tsohon ya ji harshena, ya gane Bazabarme ne. Ka san abin da ke tsakaninmu da Buzaye. Ya gyara amawalinsa, ya matso ya ce, kai bawana, daina ihu. Sannan ya yi mini maganar kaza. Ni kuma bakina ya buɗe, na ce mishi, Buzu, in na bar muku ita, kafin safe kun tatse ta. Waɗanda ke da sauran ƙarfi suka yi dariya. Layin da na kasa shiryawa da tsawa ya shirya kansa.»

Jama'a, kun san wasan taubasai. Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bazabarme, Bazabarme da Buzu. Su zagi juna, kowa ya ce ɗan'uwansa bawansa ne, ba mai fushi. Har a 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan wasa namu na Nijar cikin jerin al'adun duniya masu daraja. Kun kuma san taubashi ba ya roƙon taubashinsa. Karɓa yake yi, kamar kuɗin shara. To, abin da tsohon nan ya yi ke nan. Yunwa ta tsaida shi bakin jirgi da akushi a hannu, matsayin mai bara. Da magana guda ya fitar da kansa daga wannan matsayi, ya zama taubashi mai karɓar haƙƙinsa. Ya kuma fitar da yaron soja daga tsoro da kunya. Mai yunwa ne ya taimaki mai buhu. Ni kuwa, da takardar shaidata ta malanta, na tsaya gaban aji na kira shi jahili.

Na ce: «Baba, don me ba ka faɗin wannan wajen?» Ya ce: «Waɗannan biyun sun san shi, ba sai na faɗa ba. In muna dariyar kaza, duk muna ganin filin nan. Na manta kai ba ka ganinsa.» Ya ce bayan mako biyu sun koma da wani lodi, ya nemi tsohon cikin mutane, bai same shi ba.

Na yi ta juya abin cikin raina. Maganar kaza guda ce, kalmominta ba su sake ba, amma ta bi ta baki uku. A bakin tsohon, mutunci ce. A bakin Ajidan, tuni ce, da godiya ga wanda ya rufa mishi asiri. A bakina ta zama reni. Su biyun suna cikin ramin tare sa'ad da suka yi dariya. Ni daga bakin ramin na leƙa, da cikina cike, na nuna da yatsa. Kuma ban yi shi ko'ina ba sai cikin ajin manya, gaban mutanen da aka daɗe ana ce musu jahilai, waɗanda sai da suka haɗiye kunya kafin su zo su zauna bisa tabarma su riƙe alli.

Akwai wani abu da ya rage yana ci mini rai. In wanda ya je kaɗai ke da ikon ba da irin wannan labari, to ran da tsofaffin nan uku suka ƙaura, rago da kaza da bashin tela duk sun bi su ke nan. Wannan ma asara ce. Ƴaƴanmu ba za su san Noratlas ba, ba za su san yadda hatsi ya kai arewa a 1974 ba. Ban yarda mu yi shiru ba. Abin da na ɗauka wa kaina shi ne, in zan ba da labarin da ba nawa ba, in ɗauke shi duka, da filin, da akushin, da rawar hannun yaron soja. In ba zan iya ɗaukar wannan ba, in bar wa masu shi. Shi ya sa na rubuta muku shi yau da bayansa.

Ranar Asabar na tafi gidan dattijuwar. Na tarar tana sussuka. Na durƙusa na ce: «Inna, na yi kuskure, ki gafarce ni.» Na ba ta sauran labarin yadda Baba Ajidan ya ba ni. Ta saurara har ƙarshe, taɓarya na hannunta. Ta ce: «Allah ya ji ƙan tsohon. Tashi, Malam, ƙura za ta ɓata maka wando.»

Talata ta dawo aji, ta zauna wurinta na baya. Muna bitar baƙin «d», na ce wa zai ba mu kalma. Ta ɗaga hannu, ta zo gaban allo, ta rubuta «dawa» a hankali, baƙi bayan baƙi. Sannan ta juyo ta ce wa samarin: «Ku ba ku san jar dawar nan ba. Ran da muka fara cin tuwonta, cikin kowa ya ɗauki ruri. Da dare wata tsohuwa ta fito da gudu da ƙwaryarta, ta ce jirgi ya dawo. Ashe cikin mijinta ne.» Aji ya fashe. Ni ma na yi dariya, amma sai da na ga ita ta fara.

Na kai wa Baba Ajidan wannan. Ya yi dariya har ya zubar da shayi, ya ce lalle in kawo ta gindin bedi su gaisa. Na isar mata da saƙo. Ta ce za ta zo, amma a gaya wa Bazabarmen ba ta hawa amalanke, ya aiko mata da kazarsa.